Mai Kiran Habibu da Rana Tsaka

Sabon Garin Jega,
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Zariya lafiya, ba ciwon kai, ba ɓatan kaya. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya, da na mutane, da na abin da ido ba ya gani. Na cusa ta ƙarƙashin ledar yajin da mahaifiyarki ta daka miki, don na san hali, yaji za ki fara nema kafin ki nemi littafi.

Ba labarin gida zan ba ki ba, ai yanzu kika baro shi. Amsa zan ba ki. Ran Asabar kin zo kin durƙusa gabana da wayarki, kin nuna mini hoton wani ɗan injin wasa na riƙewa a hannu, mai irin gem ɗin nan da mutum ke zama jarumi a ciki, ya yi ta yawo gari-gari yana faɗa da dodanni. Kin ce ƙawarki ce za ta sayar da nata, kin ce zai ɗebe miki kewa a makaranta. Kika ce, "Baba, in saya?" Ni kuwa na miƙe na zura takalmi na fice. Na san kin ɗauka fushi na yi. Wallahi ba fushi ba ne, ƙafafuna ne sunka ɗauke ni. Na taɓa mallakar irin wannan abin, Uwani. Yana hannuna na rasa ɗa guda, kuma ba ni son in rasa na biyu. Zauna ki karanta a natse, kar ki yi mini karatun nan naki na tsallake layi.

Shekara guda kafin a haife ki ne. Mun cire albasa a gonarmu ta Aliero, munka zuba a rudu, rumfar karan nan da kika sani, muna jiran ta yi daraja. Aikin mai rudu ba wani mai yawa ba ne, amma ba ya son wasa. Duk bayan kwana biyu sai ka shiga ka juya albasar, ka bi ta da hanci da babban yatsa, wadda ta yi laushi ka tsame ta kafin ta shafa wa sauran. In ka gama wannan, sauran yinin zama ne kawai a inuwa, kana korar awaki. Ga zafin bazara, ga shiru. Da rana tsaka a wajen nan ko tsuntsu ba ya kuka, sai ƙarar kunnenka kake ji.

Wata ran kasuwar Jega na tsaya teburin wani mai kayan gwanjo neman batir ɗin rediyo, sai na ga abin a tsakanin tociloli, toka-toka, gefensa ya ɗan fashe, da kaset ɗinsa a soke a baya. Mutumin ya kunna mini. Ya ce, "Na yara ne fa, Malam." Na ce ai 'ya'yan wana zan kai wa. Ƙarya nake, ni ko wa ba ni da shi. Na sa shi a aljihun 'yar ciki, na kai shi Aliero, na ɓoye cikin jinkar rudu. Mahaifiyarki ba ta san da shi ba, abokan noma ba su sani ba. Ƙato da ni, da gemu, ina ɓoye abin wasa kamar wanda ya saci nama a tukunya.

Kuskurena na farko ke nan. Duk abin da sai kin yi ƙarya kafin ki saye shi, kuma sai kin ɓoye shi bayan kin saya, to ki ajiye shi ki sake tunani. A nan kin fi ni, tunda ke kin zo kin tambaya. Allah ya yi miki albarka.

Kin san kina da yaya da ya rasu yana ƙarami. Iyakar abin da kika sani ke nan, don mu ba mu faɗa ba, ke kuma kin yi hankali ba ki tambaya ba. Shi ne ɗanmu na fari. Kin san yadda muke da ɗan fari a gidajenmu. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa gaban mutane, in ya faɗi gabanka sai ka kau da kai wani ya ɗaga shi. Da anka yaye shi, anka kai shi Maiyama wurin Inna, mahaifiyata, wadda kika ci sunanta. Can ya zauna. Ita tana ce masa "maigidana". Ni in na je gaishe ta, sai in miƙa mata alewa in ce a ba yaran gida, alhali yaro ɗaya ne a gidan. Yana tsaye bayan zanenta yana leƙena, ni kuma ina kallon bango. Ba zagin al'ada nake ba, haka anka yi mini, haka na taras. Amma ba wanda ya gaya mini cewa son yana nan a ƙirji yana neman ƙofa.

To, gem ɗin nan in ka kunna shi, kafin komai sai ya tambaye ka sunan jarumin. Wani ɗan yaro ne a gilashin, bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, da 'yar hularsa. Ina zaune a inuwar rudu, na duba gabas na duba yamma, ba kowa. Na bi haruffan ɗaya bayan ɗaya na rubuta sunan yayanki.

Habibu. Ga shi na rubuta miki.

Daga nan kowa a cikin gem ɗin da sunan yake kiransa. Da ɗan Turancina na sakandare nake bi. Akwai wata tsohuwa a ƙofar garinsu, duk dawowarsa sai ta ce, "Habibu, ka dawo? Shiga ka huta." Ni nake saya masa riga, ni nake saya masa takalmi da takobi. In dodo ya ji masa ciwo, ni nake ruga da shi masauki ya kwanta ya warke. Abin da ban taɓa yi wa na Maiyama ba, na yi wa wannan sau ɗari. Ran nan kuma, ban san lokacin da ya fito ba, na ji bakina ya ce, "Habibu, bi ta nan." Da ƙarfi na faɗa. Na waiga, albasa ce kawai a jibge. Amma daɗin da na ji a bakina, Uwani, ban taɓa jin irinsa ba. Daga ranar kullum in na idar da azahar sai in zauna in kunna, in yi ta kiransa.

Kuskure na biyu ke nan, kuma shi ne babba. Sunan mutum ba abin zubawa a inji ba ne. In kina son wani, ki je inda yake ki nuna masa, ko da kunya za ta kashe ki. Kar ki samo wani abu mai kama da shi ki riƙa yi wa hidima, shi kuwa yana can yana leƙenki daga bayan zane.

Bayan kamar mako uku na je Maiyama. Muna zaune da Inna a rumfarta, sai ta yi dariya ta ce, "Kai, maigidan nan nawa ya samo sabon salo. Kullum in an sauko azahar, shina cikin wasa sai ya tsaya cak, ya ce na'am. In ce wa ka kiran ka? Ya ce, Inna, ana kirana. Ya tashi ya nufi ƙofa ya leƙa, ba kowa, ya dawo."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Mako uku ke nan, ko kusa. Mi ya faru ka yi zuru?"

Na ce ba komai, zafi ne.

Na san abin da za ki ce, ke mai karatun kimiyya. Za ki ce yaro ɗan shekara huɗu ai da surutun banza, za ki ce dace ne. Ni ma haka na ce wa kaina a kan hanya. Har na ce bari in gwada in huta da wasiwasi. Ran Litinin ban kunna ba sam. Ran Talata na kunna, na kira sunan sau uku, ina tsayawa a tsakani. Ran Alhamis na ƙirƙiri dalili na koma Maiyama da ɗan buhun albasa. Ban ma tambaya ba, Inna ce ta tare ni da zancen, kuma wannan karon ba ta dariya. Ta ce, "Litinin lafiya lau munka yini. Talata kuwa sau uku ya amsa. Na ukun har bakin titi na cim mishi, ba takalmi, ƙasa na ƙuna. Ni dai abin ya fara ba ni tsoro. Ko iskokin rana ne?"

Yaron yana zaune nan gefe yana cin ɗanwake da hannu biyu. Ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba, bai kamata ya san yadda yake fita a bakina ba. Amma kallon da ya yi mini, na wanda ya gane murya ne. Na tashi na ce rana tana yi, zan koma.

Da na faɗa wa Inna gaskiya a ranar, da ta yi mini faɗa, ta kai ni wurin malamin unguwarsu, an yi addu'a, an wuce wurin. Da na durƙusa na ce, "Habibu, ni ne," da magana ta ƙare. Ban yi ko ɗaya ba. Abin da na yi shi ne na kama bakina. Na ci gaba da wasan, amma shiru, ban sake furta sunan ba. A ganina na yi dabara, na raba yaro da fita titi.

Ashe ya saba. Daga baya Inna ta gaya mini, tun daga ranar kullum in an sauko azahar sai ya bar wasa ya je ya zauna a dokin ƙofa, ya karkata kai yana saurare, har inuwa ta juya. Ta kira shi cin abinci ya ce, "Bari tukuna." Kwana goma sha ɗaya yana haka.

Ki riƙe wannan, Uwani. In kin yi ɓarna, ki faɗa wa wanda ya girme ki tun tana ƙarama. Gyaran da mutum ke yi shi kaɗai a ɓoye, don kar a ga wautarsa, sau da yawa ya fi ɓarnar muni. Ko ni kika yi wa laifi, kira ni ki faɗa. Zan yi faɗa, kin san ni, amma faɗana ba ya kwana.

A rana ta goma sha biyu, ana gab da azahar, sai ga Malam Isa maƙwabcin Inna a kan kabu-kabunsa, ya yi fari fat da ƙasar hanya. Ko kashe mashin bai yi ba ya ce, "Inna ta ce ka taho yanzu. Jikin maigidanta ya yi zafi tun jiya, wuyansa ya ƙage."

A lokacin kwana uku ke nan ina fama da wani kogo a cikin gem ɗin. Irin wasan nan ba ko'ina ake ajiye inda ka tsaya ba, sai ka kai wani wuri na musamman. In ka kashe kafin nan, duk wahalar da ka sha ta tafi, ka koma baya. Kuma saura kaɗan in fitar da jarumin daga kogon. Na ce wa Malam Isa, "Bari in rufe rudu." Na zagaya baya, na tsuguna, na ci gaba da dannawa. Ya kira ni, na ce ina zuwa. Ya sake kira, na ce ina ɗaure ƙofa. Cikin raina ina cewa ba zan bar Habibu a cikin duhun nan ba. Ki ji fa, Uwani. Haka na ce, da hankalina, ba a buge ba. Sai da na fito da shi, na kai shi ƙofar garinsu, tsohuwar nan ta ce ya shiga ya huta, sannan na kashe na hau mashin. Inuwar rudu ta riga ta matsa fiye da taki biyu.

Daga Aliero sai ka ratsa Jega kafin ka kama hanyar Maiyama. Malam Isa ya yi gudu iyakar yinsa. Muna shan kwanar gidan na hangi takalman mata a ƙofa, na san an gama.

Inna tana zaune, an rufe yaron da zanenta. Ba ta yi kuka ba sai da ta gan ni. Ta ce, "Yanzun nan, wallahi yanzun nan. Da anka yi kiran salla ya buɗe ido, ya karkata kai shina saurare. Ya daɗe hakanan. Sannan ya ce, Inna, ya daina kirana. Shi ke nan."

Ban ce da na zo da wuri da ya rayu ba. Astagfirullah, kwana ya ƙare, kuma sanƙarau ya ɗauki yara da yawa a bazarar nan. Amma da na hau mashin lokacin da anka ce in hau, da na same shi da rai, da ya ji sau ɗaya daga bakin ubansa, ido da ido. Wannan shi ne abin da na sayar don in fitar da ɗan hoto daga kogo. In an aiko kiranki, ko waye, ko me kike yi, ki ajiye ki tashi. Babu abin da ke cikin gilashi da ba zai iya jira ba.

Uban ɗan fari ba ya kuka a zaman makoki. Na zauna kwana uku ina amsa gaisuwa da busasshen ido, ana yaba mini haƙuri. Rana ta huɗu na koma Aliero, na zaro abin daga jinka na kunna. Ga shi nan tsaye a ƙofar gari, da 'yar hularsa, lafiyarsa ƙalau. Na kira sunan har muryata ta dushe. Haka na yi ta yi har damina ta kusa, ban juya albasa ko sau ɗaya ba. Sai da masu wucewa a titi sunka fara toshe hanci sannan na shiga na ga rudu guda ya zama ruwa. Mutane sunka ce baƙin ciki ne ya taɓa ni, ban musa ba. Da anka haife ki ne na naɗe injin a tsumma, na jefa ƙasan akwatin ƙarfena, ban sake buɗewa ba. Wanda ya mutu addu'a yake so, ɗiyata. Ni na yi wata biyu ina saya wa nawa takalmi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ran Lahadi, washegarin tambayarki, kin tafi sallama gidan gwaggonki. Bayan azahar na shiga ɗaki na zaro injin daga akwati, na sa masa batir ɗin rediyo. Na yi zaton ya daɗe da mutuwa, shekara ashirin fa. Sai ga shi ya kawo haske. Jarumin yana nan inda na bar shi, tsohuwar tana gefensa. Kafin in kama bakina na ce, "Habibu."

Sai na ji kwano ya faɗi a tsakar gida.

Mahaifiyarki ce. Ta ɗaga labule ta tsaya, hannunta duk kumfar sabulu. Ta ce, "Malam, wa ka kira?" Ita ma fa tunda ta haife shi sunan bai taɓa fita bakinta ba. Na ce ta zauna. Na faɗa mata duk abin da kika karanta a nan, ban rage ko kogon ba. Na jira ta tsine mini, wallahi da ta yi da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta goge hannu a zane ta ce, "Nuna mini shi." Na miƙa mata. Ta daɗe tana kallo, ta kai shi kusa da ido, sannan ta ce, "Bai girma ba." Munka zauna muna kuka mu biyu, tsofai-tsofai da mu, kukan da ya kamata mu yi tun kafin a haife ki. Da ta share ido ta ce, "Sallame shi, Malam. Ka tsayar da shi a rana ya isa haka."

Na goge wasan. Gilashin ya yi fari, sannan ya koma farko, ga sabon ɗan yaro, ga tambaya: wane suna za a sa? Uwani, ba zan ɓoye miki ba. Ina kallon akwatinki da kika ɗaure a bakin ƙofa, ina tunanin yadda gidan nan zai yi shiru, sai na ga babban yatsana ya tafi da kansa ya tsaya kan harafin farko na sunanki. Mahaifiyarki ta gani. Ta fizge abin daga hannuna, ta zare batir ɗin, ta ƙulle shi a bakin zanenta. Ran Litinin ta sa na kai ta gada, da hannunta ta jefa injin gulbi.

To ga amsarki. Ban hana ki ba. Kin girma, kuma injin ba shi da laifin da ya wuce wanda ke riƙe da shi, na ga 'ya'yan mutane suna yi suna tashi lafiya. In kin saya, kar ki ɓoye shi. Ki ƙirƙiro wa jarumin sunan da ba na kowa ba, ba na mai rai ba, ba na mamaci ba. Ran da kika ji kewar gida ta kama ki kuma hannunki ya nufi wurinsa maimakon waya, ranar ki bayar da shi. Amma in son raina kike tambaya, ki bar wa ƙawarki kayanta. Ke jinina ce, kuma na ga yadda kike manta tukunya a wuta in kin kama abu.

Saura guda, kuma kar ki yi dariya. In wata rana bayan azahar kina zaune kika ji an kira sunanki, kika waiga ba kowa, kar ki amsa, kar ki tashi ki bi. Ki yi addu'a, ki ɗauki waya ki kira ni, ki ce, "Baba, kai ne?" Na yi wa mahaifiyarki alkawari, na yi miki, in kewarki ta ci ƙarfina zan buga miki waya ko kina cikin aji, in kira ki da bakina ki ji, ki amsa in ji.

Allah ya tsare mini ke a zaune da tafe, ya haɗa ki da abokan kirki, ya ba ki abin da kika je nema, ya dawo da ke ki same mu da rai. In kin yi salla ki sa yayanki a addu'a, kuma ki ambace shi da sunansa. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce ki rufe yajin da kyau.

Wassalam.

Mahaifinki.